Lauyan Hukuma a Kano, Jiya da Yau

Lauyan hukuma shi ne lauyan da yake tsayawa a gaban kotu da sunan gwamnati, ya kare ta idan an maka ta, ko ya shigar da ƙara a madadinta idan ita ce mai neman haƙƙi. A wasu ƙasashe, kamar Amurka, babban birni yana da gwamnatinsa da magajin garinsa da ofishin lauyoyin da ba su da wani aiki sai shari'un birnin. Kano ba ta da irin wannan tsari. An kasa birnin ne tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Manyan al'amuran gari kuwa, wato filaye da gine-gine da tituna da shara, suna hannun hukumomin jiha irin su KNUPDA da KAROTA da REMASAB. Saboda haka nauyin kare hukumar gari a kotu ya fi faɗawa kan lauyoyin Ma'aikatar Shari'a da ke sakatariyar Audu Bako, sai kuma lauyoyi masu zaman kansu da gwamnati ko ƙaramar hukuma take ɗauka idan shari'a ta yi nauyi.

Wanda yake son ganin aikin da idonsa, Gyaɗi-Gyaɗi ce wurin zuwa. Unguwar tana cikin ƙaramar hukumar Tarauni mai hedikwata a Unguwa Uku, kuma biyu daga cikin mazaɓun Tarauni goma sunanta suke amsawa, Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu. A titin Court Road, ba nisa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Babbar Kotun Tarayya reshen Kano, akwai kuma kotunan majistare. A nan aka saurari da yawa daga cikin ƙararrakin da suka hana gwamnatin Kano barci a 'yan shekarun nan. Abin da ya zama ruwan dare a wannan titi, wato a ga sunan gwamna ko ciyaman a jerin waɗanda ake ƙara, sabon abu ne in aka auna shi da tsawon tarihin mulki a Kano.

A zamanin En'e hukumar gari ba ta buƙatar lauya, don ita ce da kotun. Alƙali ma'aikacinta ne, daga baitulmalinta yake karɓar albashi. 'Yan doka nata ne, gidan yari nata ne, kuma kotun da ta fi kowace girma a cikin kotunan En'en Kano ita ce majalisar Sarki, wadda take sauraron shari'ar kisan kai da rigingimun ƙasa. Doka ta hana lauya buɗe baki a gaban alƙali. Talakan da dagaci ya ƙwace wa gona, ko aka ɗora wa harajin da ya fi ƙarfinsa, hanyarsa ita ce koke: ya kai kuka wurin hakimi, ko fada, ko ya tari Di'o idan ya fito rangadi. Wani lokaci a share masa hawaye, wani lokaci a ce ya yi rashin kunya. Lauyoyin ma ba su da yawa. Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, sai a 1955 ya samu shaidar aikin a Ingila.

'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, su ne suka fi kowa ɗanɗana wannan tsari, domin hukumar da suke suka ita ce take kama su, ita ce take yi musu shari'a, ita ce kuma take tsare su. Ƙorafinsu da fargabar ƙananan ƙabilu na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin dokar laifuka da ya fara aiki a 1960. Sai dai gyaran bai taɓa asalin matsalar ba. Hatta manya ba kotu ce mafakarsu ba. Da aka kammala binciken da wani Bature mai suna Muffett ya yi kan kuɗin En'en Kano, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 ya koma Azare, kuma al'amarin a hannun masu mulki ya fara, a hannunsu ya ƙare.

Soja ne suka raba En'e da kotunanta. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu 1967, an soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha a matsayin kotunan yanki, 'yan doka da gidajen yari kuma suka tafi hannun gwamnatin tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin: aka samu ƙaramar hukuma mai majalisa da ciyaman, wadda doka ta ɗauke ta tamkar mutum, tana iya mallakar dukiya, tana iya ƙara, ana iya ƙararta. Daga nan hukumar gari ta sauko daga shimfiɗar alƙali ta koma bencin masu jiran kira.

Tsarin mulki na 1979 shi ya buɗe ƙofar sosai. Kafin shi, ana bin tsohuwar ƙa'idar Ingila da take cewa sarauta ba ta laifi, ba a ƙarar gwamnati kan ɓarnar ma'aikatanta. Iyalan mawaƙi Fela sun ga haka: sojoji sun ƙona gidansu a Legas a 1977, amma a 1985 Kotun Ƙoli ta ce a lokacin da aka yi ɓarnar doka ba ta ba da damar ɗora wa gwamnati alhaki ba. Sabon tsarin mulkin ya ba kotuna ikon shiga tsakanin kowane mutum da kowace hukuma. Ba a daɗe ba aka gwada shi a Arewa. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Chadi bisa cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce an keta haƙƙinsa, ya dawo gida, aka kuma yanke masa diyya. A wannan zamani ne kuma kotuna suka rushe hanin da aka yi wa lauyoyi na tsayawa a kotunan yanki. Da soja suka dawo sun nemi mayar da hannun agogo baya ta hanyar dokokin da suke ɗaure wa kotu hannu, irin Doka ta 17 ta 1984 wadda ta hana ma'aikacin da aka kora zuwa kotu. A waɗancan shekaru aikin lauyan gwamnati yakan taƙaita ga ya miƙe ya karanta sashen da ya ce kotu ba ta da hurumi, ya zauna.

Dokar da ta fi kowace cika teburin lauyan hukuma da fayil ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni, gwamna ne yake ba da shaidar mallakarsa, ƙaramar hukuma kuwa ikonta ya tsaya ga ƙasar karkara. Wannan ya sa ƙaramar hukuma irin Tarauni, wadda gari ya riga ya cinye gonakinta, ba ta da ta cewa sosai a kan filayen da ke cikinta. Dokar ta yarda gwamna ya soke mallaka don maslahar jama'a, amma da sharuɗɗa: a rubuta sanarwa, jami'in da aka ba izini ya sa hannu, a miƙa ta ga mai fili, a biya diyyar gini da amfanin gonar da ke kai. Kotun Ƙoli ta kuma bayyana cewa karɓe fili daga hannun wani don a ba wani ya yi harkarsa ba maslahar jama'a ba ce. Mafi yawan shari'un fili da gwamnati take faɗuwa, ba a kan ikon sokewa take faɗuwa ba. Takardar sanarwa ce ake nema a rasa, ko a rasa wanda zai rantse cewa ya kai ta.

Yadda aikin yake tafiya a kullum ba shi da armashin da ake gani a labarai. Ma'aikacin kotu yakan kai sammaci sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin wata hukumar jiha. Masinja ya karɓa, ya sa hannu, takarda ta shiga tire. Kafin ta bi matakala daga tebur zuwa tebur ta isa Ma'aikatar Shari'a, sau da yawa kwanakin da ƙa'idar kotu ta bayar na mayar da martani sun kusa ƙarewa ko sun wuce. A shari'ar tauye haƙƙin ɗan'adam kwana biyar kacal ake bayarwa. Lauyan da aka miƙa wa fayil ba ya wurin lokacin da aka rushe katangar ko aka kulle shagon, don haka sai ya rubuta wa hukumar da abin ya shafa yana neman bayani da takardu da jami'in da zai yi rantsuwa a kan abin da ya faru. A nan ake yin ta. Jami'in da ya san maganar an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ba ya son sa hannu a kan abin da bai gani ba. Umarnin da aka bi aka yi aikin kuma da baki aka bayar, daga sama, ba wanda ya rubuta.

Ranar zama, lauya yakan iso Court Road tun kafin ƙarfe tara, da baƙar riga a hannu da fayil uku ko huɗu a hammata, domin mai yiwuwa yana da wata shari'ar a Babbar Kotun Jiha da ke Miller Road a wannan safiyar. Ya duba jerin shari'un ranar, ya ga lambar tasa. A waje masu kwamfuta da masu injin kwafi suna ta fitar da takardun rantsuwa, masu ƙara sun taru a inuwa, wasu ƙungiya guda ce ta 'yan kasuwa da suka yi karo-karo suka ɗauki lauya. Idan aka kira shari'a, manyan lauyoyi masu lambar SAN ake fara saurara. In layi ya zo kansa ya miƙe ya ce, “Ya Mai Shari'a, ina wakiltar waɗanda ake ƙara na ɗaya zuwa na uku,” sannan ya roƙi ƙarin lokaci don bayanan da yake jira ba su iso ba. Lauyan masu ƙara ya yi suka, ya nemi a ci tarar ɓata lokaci. Alƙali ya ɗage zama. Mutanen da suka rufe shaguna suka zo sukan fita suna cewa gwamnati tana jan ƙafa da gangan. Wani lokaci gaskiyarsu ce, wani lokaci kuma lauyan ya fi su takaici.

Misalin ƙarar da ƙananan hukumomi suka fi fuskanta ita ce ta rumfar kasuwa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da sanya wa tituna suna da karɓar kuɗin shaguna da allunan talla. Ciyaman ya ba mutum rumfa da takarda, mutumin ya gina, ya shekara yana biyan kuɗin shiga. Aka yi canjin shugabanci, sabon ciyaman ko kantoma ya ba wani wannan rumfar, shi ma da takarda mai hatimi. Mai ƙara yakan zo da tasa takardar da rasiɗansa a cikin leda, ya adana su kamar ransa. Ƙaramar hukumar da ta buga takardun biyu kuwa ba ta da kwafin ko ɗaya. Lauyanta ba shi da abin dogaro sai dabarun ƙa'ida.

Dabarun nan sanannu ne, kuma uku ne suka fi fice. Na farko wa'adi: dokar kare jami'an gwamnati ta ce wanda zai kai ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki, ya yi cikin wata uku, in ya wuce haka ƙara ta mutu ko da yana da gaskiya. Kotuna sun rage wa dokar kaifi, sun cire shari'ar kwangila da ta neman fili da cutarwar da ba ta yanke ba da abin da aka yi da mugun nufi. Na biyu sanarwa: dokokin ƙananan hukumomi da na hukumomin jiha da dama sun wajabta a rubuto takardar niyyar ƙara, galibi wata guda kafin a shigar. An yi ta ne don a ba hukuma damar gyara ko sulhu, amma a aikace ta fi zama tarko ga wanda bai san da ita ba. Na uku hurumi, wato a ce ba wannan kotu ce ta dace ba. Ba laifi ba ne lauya ya yi amfani da abin da doka ta ba shi. Sai dai nasarar da aka samu ta wannan hanya ba ta wanke hukuma a idon jama'a, kuma ba ta koya wa jami'in da ya yi kuskure komai. Masu ƙara su ma sun koyi zagaye. Tun da aka fitar da ƙa'idojin tilasta haƙƙin ɗan'adam na 2009, waɗanda ba su da wa'adi kuma suke tafiya da sauri a kan takardun rantsuwa, lauyoyi suka riƙa yi wa rigimar fili ko ta shago rigar tauye haƙƙi su nufi Gyaɗi-Gyaɗi da ita.

Haka aka yi a shari'ar Filin Idi. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu 2023, kuma cikin 'yan kwanaki aka fara rusau a wuraren da gwamnatinsa ta ce gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rabar ba bisa ƙa'ida ba, ciki har da tsohon otel ɗin Daula da shagunan da ke jikin Masallacin Idi. Ƙungiyar masu shagunan ta kai ƙara, kuma a watan Satumba Mai Shari'a Simon Amobeda na Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ya umarci gwamnati ta biya naira biliyan 30. Daga nan masu ƙara suka samo umarni daga wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja na riƙe kuɗin jihar da ke bankuna. Kafin shekarar ta fita aka sasanta a kan naira biliyan 3. Ko an raba filayen bisa ƙa'ida ko ba a raba ba, wannan muhawara ce da har yanzu ake yi a majalisun Kano. Abin da kotu ta duba daban ne: mutanen suna riƙe da takardun da hukuma ta ba su, kuma an rushe kafin a bi matakan da doka ta shimfiɗa. Shawarar lauya ta shafi biyu kafin katafila ta fita ta fi araha nesa ba kusa ba.

Shari'ar ta kuma nuna inda ƙarfin mai ƙara yake a yau. Samun hukunci a kan gwamnati abu ne, karɓar kuɗin wani abu ne daban. Sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni-Janar, wato sai wanda aka kayar ya yarda a cire masa kuɗi. Kotuna sun sha bamban kan iyakar wannan sashe, musamman game da kuɗin da ke ajiye a banki. 'Yan kwangila da 'yan fansho da yawa sun tsufa da takardar hukunci a aljihu. Amma ranar da umarnin riƙe asusu ya isa banki, kuɗin albashi ya maƙale, maganar da aka shekara ana ɗagewa takan ƙare a zama ɗaya. Lauyan hukuma mai hangen nesa ba ya jira a kai nan. Kano tana da gidan sasanci na kotu tun 2009, kuma sulhun da aka yi da wuri, kotu ta amince da shi a matsayin hukunci, yakan tsirar da baitulmali daga kuɗin ruwa da tara.

Batun hurumi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya mamaye shari'un Kano na baya-bayan nan. Babbar Kotun Tarayya ta fara ne a 1973 a matsayin kotun harajin tarayya, aka sauya mata suna a 1979, soja suka faɗaɗa ikonta a 1993, sashe na 251 na tsarin mulkin yanzu kuma ya gaji wannan faɗin. Asali ba kotun ƙarar gwamnatin jiha ba ce. Amma da zarar an sa Sufeto Janar na 'yan sanda ko wata hukumar tarayya a cikin waɗanda ake ƙara, aka kuma ambaci tauye haƙƙi, sai ƙofa ta buɗe. Masu ja da gwamnatin jiha sun fi sakin jiki da kotun tarayya, gwamnati kuma ta fi son a tsaya a kotun jiha, kowa da dalilinsa da ba ya faɗa a gaban alƙali. Rigimar ma'aikata kuwa, kora da albashi da fansho, tun gyaran tsarin mulki na 2010 ta koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Rikicin masarauta ya fito da batun hurumin nan fili. A 2019 gwamnatin Ganduje ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, sannan ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris 2020, aka kai shi Jihar Nasarawa. Abin da kakansa bai samu ba a 1963 shi ya samu cikin kwana huɗu: Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi, kuma a Nuwambar 2021 ta ce korar da aka yi masa daga Kano haramtacciya ce, ta yanke masa diyyar naira miliyan 10. A ranar 23 ga Mayu 2024 gwamnatin Abba ta soke waccan doka ta mayar da shi. Wani mai adawa da matakin, Aminu Babba Ɗan'agundi, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya ta Kano, Mai Shari'a Abdullahi Muhammad Liman ya ba da umarnin a dakata, Babbar Kotun Jiha kuma ta ba da nata umarnin da ya saɓa wa wancan. Aka wayi gari kowane ɓangare yana riƙe da odar kotu, 'yan sanda suna zaɓar wadda za su bi. A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi a kan sha'anin sarauta, bisa ƙa'idar da Kotun Ƙoli ta kafa tun 1989 a shari'ar Sarkin Muri Umaru Abba Tukur da gwamnatin Gongola. Mutanen gari da suka ga haka ba abin da suke cewa sai shari'a saɓanin hankali.

Akwai abin lura a nan game da matsayin lauyan da yake ma'aikacin gwamnati. Ma'aikatar da ta kare dokar 2019 ita ce ta kare soke ta a 2024. Antoni-Janar, wanda sashe na 195 ya sa shi zama babban jami'in shari'a na jiha kuma kwamishina, yana tafiya ne tare da gwamnan da ya naɗa shi. Lauyoyin da ke ƙarƙashinsa kuwa suna nan, su suke gadon fayil. Wanda suke wa aiki a doka ita ce jiha, ba mutumin da ke kan kujera ba, amma umarni daga mai kujera yake fitowa. Haɗa muƙamin siyasa da na babban lauyan jiha a wuyan mutum ɗaya ya daɗe yana shan suka, kuma an sha kawo shawarar raba su a gyaran tsarin mulki. Wani abin da yake ci wa lauyoyin ma'aikata tuwo a ƙwarya shi ne, ƙananan shari'u masu wahala nasu ne, amma idan babba ta zo, mai suna da kuɗi, sai a ɗauko manyan lauyoyi daga waje.

Ba kullum hukuma take zaman wadda ake ƙara ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa da yara kusan 200 a Asibitin Zana na Kano. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, da Aliyu Umar a matsayin Antoni-Janar, ta shigar da ƙara, kuma a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75. A wannan zamani ne kuma jihar ta kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kan haramta Hisba da aka yi a 2006, kotun ta ce rigimar ba irin wadda za a faro daga gabanta ba ce. Wato makamin hurumi da lauyan gwamnati yake sara da shi, shi ma an sare shi da shi.

Ƙaramar hukuma ita ce ta fi kowa rauni a wannan fage. Sashe na 7 na tsarin mulki ya lamunce mata zaɓaɓɓun shugabanni, amma sashe na 162 ya bi da kuɗinta ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni kuma suka saba rushe majalisu su naɗa kantomomi. Hukumar da ba ta riƙe da kuɗinta ba ta iya ɗaukar lauyan da zai ja da wanda yake riƙe da su. Shi ya sa manyan shari'un 'yancin ƙananan hukumomi ba su ne suka shigar da su ba. Korarrun ciyamomi ne suka bi haƙƙinsu har Kotun Ƙoli ta ce a 2016 gwamnan Ekiti ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa. A Mayun 2021 ta maimaita haka a kan Oyo da kuma Katsina, inda gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe majalisu a 2015. Hukuncin ranar 11 ga Yuli 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, Antoni-Janar na tarayya Lateef Fagbemi ne ya nemo shi a kan jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kantomomi ba su da gurbi a tsarin mulki.

Wannan hukunci ya sa jihohi gaggawar shirya zaɓe, na Kano kuma ya sake bi ta Court Road. Kwanaki kaɗan kafin ranar 26 ga Oktoba 2024, Mai Shari'a Amobeda ya ce shugaban hukumar zaɓe ta jiha, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, da mambobinsa ba su cancanci kujerunsu ba saboda alaƙa da jam'iyyar NNPP. Babbar Kotun Jiha ta ce a ci gaba. Aka yi zaɓe, NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44, daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin kotun tarayyar, nan ma a kan hurumi.

Aiwatar da biyan kuɗi kai tsaye ya zo da jan ƙafa, amma duk ranar da ya tabbata, aikin lauyan ƙaramar hukuma zai sauya fuska. Asusun da yake da kuɗi a ciki shi masu bin bashi suke nema, don haka tsofaffin hukunce-hukuncen 'yan kwangila da na ma'aikata za su taso. Rigimar wa yake da ikon karɓar kuɗin kasuwa da na tasha da na allon talla, wadda ake kashewa a ofis tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, za ta iya kaiwa gaban alƙali. A irin wannan ƙara lauyan Ma'aikatar Shari'a ba zai tsaya wa ɓangarorin biyu ba, ƙa'idar aikin lauya ta hana. Tarauni da 'yan'uwanta bakwai na cikin birni za su buƙaci nasu lauyoyin, da rajistar rumfuna da kwangiloli da za a iya ɗauka a kai kotu, da ɗabi'ar rubuta umarni kafin a aika ma'aikata su kulle shago.